Dala Miliyan Ɗaya da Bayan Gidan Zango: Me Gasar Birane Ke Saya?

A watan Janairun 2022 gidauniyar Bloomberg Philanthropies ta bayyana birane 15 da suka ci gasarta ta magadan gari, daga cikin 631 da suka nema a ƙasashe 99. Uku daga Afirka suke: Freetown, Kigali da Kumasi. Kowane birni ya sami dala miliyan ɗaya, da ƙwararrun da za su riƙa dafa masa tsawon shekara uku. Dabarar da hukumar birnin Kumasi, wato KMA, ta shigar ita ce a koya wa matasa marasa aiki gina bayan gida a cikin gidaje, ta yadda ƙazanta za ta ragu, zaman banza ma ya ragu.

Duk wanda ya san layin da ake yi da asuba a ƙofar bayan gidan gwamnati a Aboabo ko Asawase, unguwannin zango a Kumasi ta ƙasar Ghana, ba ya buƙatar a yi masa bayanin matsalar. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 23 cikin 100 na magidanta a Ghana da bayan gidan haya suke amfani, kusan kashi 18 kuma ba su da ko ɗaya. Abin da ke buƙatar bayani shi ne kuɗin kansa: me yake iya saya, me ba ya iya saya, kuma ta wace hanya zai bi kafin ya shiga lungun zango.

Mu fara da lissafi. A ƙaddara bayan gida guda, da ɗakinsa da akwatin narkar da kashi, zai ci dala 500. Ko da an juye kuɗin kaf a kan gini, ba albashi, ba horo, ba man mota, bayan gida 2,000 kawai za a samu. A 2020 Bankin Duniya ya ƙara dala miliyan 125 a aikin tsafta da ruwa na Accra don a faɗaɗa shi zuwa Kumasi da kewaye. Ninkin kyautar gasar ke nan sau 125, kuma shi ma bai ce zai gama da matsalar ba. Ashe kuɗin gasa ba kuɗin aiki ba ne. Kuɗin gwaji ne. Ana ba birni ne don ya jarraba abin da kasafinsa ba zai taɓa ba shi damar jarrabawa ba, domin kuɗin asambuli, wato ƙaramar hukuma, tun kafin ya iso an san inda zai tafi: albashi, kwasar shara, bashin 'yan kwangila. Kason da kundin tsarin mulkin 1992 ya ware wa asambulolin ƙasar gaba ɗaya, wanda bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati ba, sau da yawa a makare yake zuwa. Jami'in da ke jiran kason wata uku da suka wuce ba zai ɗauki kasadar gwada abin da zai iya faɗuwa ba.

Michael Bloomberg, mai gidauniyar, wanda ya riƙe kujerar magajin garin New York daga 2002 zuwa 2013, ya san wannan daga ciki. Gasar farko an yi ta a Amurka, aka bayyana sakamako a 2013, birnin Providence ya ɗauki dala miliyan 5 da shirin ƙirga kalmomin da ƙananan yara ke ji a gida don a taimaka wa iyaye su ƙara yi musu magana. A 2014 aka koma Turai, Barcelona ta yi na ɗaya da shirin haɗa tsofaffi masu zaman kaɗaici da 'yan'uwa da maƙwabta. A 2016 sai Latin Amurka, inda São Paulo ta zo ta farko. Ta 2021 ce aka buɗe wa duniya baki ɗaya. A ta 2025 an karkata ga ayyukan yau da kullum irin su ruwa, shara, sufuri da gidaje, kuma an ba kowane birni cikin 50 da suka kai zagayen ƙarshe dala 50,000 ta gwaji.

Tsarin shiga ba shi da wuyar faɗa. Hukumar birni ce ke nema, da sa hannun magajin gari. Ƙungiya ko ɗan kasuwa ba ya shiga da kansa, sai dai ya raɓu da hukuma. A gasar 2021 da ta 2025, sai birnin ya kai mutum 100,000. Dabara ɗaya tak. Alƙalai na duba abu huɗu: sabuntar tunanin, girman amfanin da zai yi, yiwuwar aiwatar da shi, da ko wani birni zai iya kwaikwaya. Sai a tace zuwa 50, a ba su 'yan watanni su gwada dabarar a kan mutane na gaskiya, su gyara takarda, su sake miƙawa.

A cikin ma'aunan nan huɗu akwai karkata da ba kowa ke lura da ita ba. Biyu daga ciki, sabunta da kwaikwayuwa, buƙatun gidauniya ne, ba na mazaunin unguwa ba. Matar da gota ke ambaliya cikin ɗakinta duk damina ba ruwanta da ko maganin sabo ne. Yashe gota duk wata, gyara injin kwasar kashi, biyan duba-gari, waɗanda muke kira tankas, kuɗin zirga-zirga: waɗannan su ne rabin tsaftar gari, kuma babu gasar da za a ci da su. Shi ya sa birane ke koyon yi wa tsohuwar buƙata sabuwar riga. Freetown ta haɗa dashen itatuwa da manhajar waya da ke bin kowace bishiya, ana biyan masu kula da ita. Istanbul ta buɗe hanyar da mai hali zai biya wa wanda bai sani ba takardar ruwa ko gas. Kumasi ta haɗa bayan gida da aikin matasa. Ba laifi ba ne, wani lokaci haɗin ne ma ke sa abin ya yi aiki. Amma mai karanta sanarwa ya kamata ya riƙa raba rigar da abin da ke cikinta.

Akwai kuma karkata ta biyu. Takardar neman ana rubuta ta da Turancin masu ba da tallafi, tana son alƙaluma, taswira da tsarin awo. Birnin da ke da sashen tsare-tsare mai ƙarfi da jami'a a gefensa, kamar yadda Kumasi ke da KNUST, ya riga ya sha gaban wanda jami'insa guda ke riƙe da tebur uku. KMA ba baƙuwar irin wannan fage ba ce. Daga 2015 zuwa 2019 Birtaniya ta ɗauki nauyin gasar tsafta tsakanin asambulolin Ghana, kuma KMA ce ta yi na ɗaya a rukunin manyan birane, ta karɓi fam 400,000. Waccan gasar tsarinta daban ne: babbar kyautar sai bayan an yi aikin, masu tantancewa sun zo sun gani. Ta Bloomberg kuwa ana biyan alkawari ne da ɗan gwaji. Biya bayan aiki na kore masu daɗin baki, amma yana kore matalautan hukumomi su ma, tunda sai ka kashe naka kafin ka ga na wani, kuma kana iya kashewa ka tashi a tutar babu. Biya kafin aiki na buɗe ƙofa ga kowa, sai dai gwanin rubutu na iya doke gwanin aiki. A ganina, ga aiki irin na bayan gida da ake iya ƙirgawa da ido, tsarin da ya fi shi ne a raba: kaso na farko don farawa, sauran kuma sai an ƙirga waɗanda har yanzu ke aiki bayan damina biyu.

Yanzu ga abin da ya fi shafar zango, kuma shi aka fi mantawa da shi: iyaka. Idan aka ce Kumasi ta ci gasa, KMA ake nufi, kuma KMA ta yau ba ita ce ta shekara ashirin da suka wuce ba. A 2012 an yanke Asokore Mampong, ta tafi da Aboabo, Asawase da Sawaba. A 2018 aka sake yanke Oforikrom, Old Tafo, Suame, Kwadaso da Asokwa, don haka zangon Ayigya da na Tafo su ma suna ƙarƙashin wasu asambuloli. Wato manyan unguwannin da suka fi cunkoso, suka fi dogaro da bayan gidan haya, da yawansu suna wajen hukumar da ta sa hannu a yarjejeniya. Hukuma ba ta kashe kuɗi a ƙasar wata hukuma sai da rubutacciyar yarjejeniya. Saboda haka tambayar farko da asambuliman ko limamin unguwa zai yi idan ya ji labarin irin wannan kyauta ita ce: wace taswira aka liƙa a takardar? Haka abin yake a Accra. Hukumar birnin Accra, wato AMA, ce ke ɗauke da sunan birnin a idon duniya, amma Nima da Mamobi sun koma asambulolin Ayawaso, Madina na La Nkwantanang, Ashaiman kuma da tata hukumar.

A ce an tsallake iyaka. Sai gidan kansa. Yawancin gidajen zango gidajen gado ne: wanda ya gina ya rasu, magada goma ko fiye, wasu a Tamale, wasu a Legas, wasu a Jamus, 'yan haya kuma cike da ɗakuna. Wa zai sa hannu a takardar bashi? Ɗan haya ba zai zuba kuɗi a gidan da za a iya ba shi notis ba, kuma ya san ranar da bayan gida ya tashi kuɗin ɗaki zai tashi. Magajin da ke karɓar haya yana ganin filin da za a gina bayan gida ɗaki ne da zai kawo kuɗi duk wata. Gidaje da dama sun taɓa samun salga, aka rushe aka mai da wurin ɗaki. Wanda ke riƙe da kwangilar bayan gidan haya a bakin titi kuwa kowane sabon bayan gida a cikin gida ragin cinikinsa ne, asambuli ma tana da kasonta a wannan ciniki. Takardar da ba ta ambaci mutanen nan uku ba, mai gida, ɗan haya da mai kwangila, ba ta san unguwar ba. Abin da ke aiki shi ne a zauna da dattijon gida da wakilin 'yan haya a gaban mai unguwa, a rubuta wa zai biya nawa, wa ke riƙe makulli, wa zai wanke a wace rana, da kuma cewa ba za a ƙara haya ba har a gama biyan bashi. Zaman nan yakan ɗauki makonni, kuma ba kasafai ake ware masa kuɗi ba, don ba ya fitowa a hoto.

Sai daijesta, wadda ita ce yawancin shirye-shiryen bayan gida a biranen Ghana suka rungume saboda ba ta cin fili. Akwati ne na siminti, na gidaje yakan kai ƙafa shida a tsawo, uku a faɗi. A ciki akwai shimfiɗa mai ɓula-ɓula da aka ɗaga sama da ƙasan akwatin, a kanta raga da ɓawon kwakwa. Bututu mai inci huɗu ya kawo abin da aka kora, kashin ya tsaya a kan ɓawon, ruwan ya tsiyaye ƙasa ya fita zuwa ramin da ƙasa za ta shanye shi. Ƙananan halittu, wani lokaci har da tana, su ke cinye kashin, kuma iska suke buƙata. Sirrin duka ke nan: kada ruwa ya kwanta a ciki. Da zarar ya kwanta, halittun sun mutu, wari ya tashi, akwatin ya zama ƙaramar masai da ke cika cikin watanni.

Abin da ke sa ruwa ya kwanta sananne ne. Na farko ƙasar wurin. A gangaren rafin Aboabo, inda ruwa ke kusa da sama kuma ambaliya ke shiga gidaje, ramin shanye ruwa ba ya shanye komai da damina, sai ma ya turo baya. A irin wannan wuri sai an ɗaga akwatin sama da ƙasa, an yi wa ɗakin matakala, wanda ke ƙara kuɗi kuma yana wahalar da tsofaffi. Gwajin ba tsada: a haƙa rami a inda za a yi ginin, a cika shi da ruwa, a duba saurin janyewarsa. Amma a yi shi a watan Yuni ko Oktoba, ba da hunturu ba, lokacin da kowace ƙasa ke shan ruwa kamar da gaske. Na biyu yawan mutane. Akwatin da aka auna wa iyali guda idan aka sakar wa gida mai mutum arba'in ba zai kai shekara ba. Gida irin wannan ɗaki biyu ko uku yake so, da akwatin da ya dace da su. Na uku ganganci: mai gini ya haɗa ruwan wanka da na wanki cikin bututu ɗaya don ya rage kuɗin bututu, ko masu gida su riƙa antaya bilic da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ko a jefa leda da ƙunzugun mata.

A gidan Musulmi akwai ƙarin abu biyu da injiniyan da bai taɓa zama a zango ba zai iya tsallakewa. Tsarki da buta na nufin takarda kaɗan, wanda alheri ne ga ragar, amma ruwa da yawa, don haka ramin shanyewa dole ya fi na ma'aunin littafi girma. Sannan alƙibla. Daga Kumasi tana gabas ne da ɗan karkata arewa, kuma dattawa da yawa ba za su tsuguna suna fuskantarta ko suna ba ta baya ba. Juya mazaunin kafin a zuba siminti ba ya cin ko kwabo. Bayan an zuba kuwa sai fasawa, ko a wayi gari an mai da ɗakin ma'ajiyar gawayi. Da yawa kuma sun fi son na tsugune a kan na zama, musamman inda mutane da yawa ke shiga.

Hanyar da ƙaramin kuɗi ke zama babba a irin wannan aiki ita ce asusun bashi mai juyawa: a ba gida rance, ya gina, ya biya a hankali, a ba na gaba. A takarda kuɗin ba ya ƙarewa. A ƙasa kuwa wurare biyu yake yoyo. Idan kashi 80 cikin 100 ne ke dawowa a kowane zagaye, sidi 100 zai koma 80, sannan 64, sannan 51. A ɗora hauhawar farashi na kashi 20 a kowane zagaye, bayan zagaye uku abin da ya rage ba zai sayi sulusin simintin farko ba. Kuma kashi 20 sauƙi ne idan aka tuna shekarar da Kumasi ta ci gasar: a farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen shekara ta haura 13, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba. Sidin da aka ranta a Janairu ya dawo a Disamba da ƙarfin kusan kashi biyu bisa uku. Abin da ya rage a dala ya ƙara auki, abin da aka riga aka canja ya narke. Shi ya sa ake so a riƙa canjawa kashi-kashi, bashin ya zama gajere, kuma a karɓa kullum ko mako-mako ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ko ta hannun mai susu, wato mai karɓar adashi, yadda mutanen kasuwa suka saba, ba dunƙule a ƙarshen wata ba. Idan kuma mutane suka ji cewa kuɗin Bature ne da ya bi ta hannun gwamnati, biya na raguwa nan take. Gara wani banki ko asusun unguwa ya riƙe littafin. Maganar ruwa a kan bashi ita ma sai an warware ta da malamai tun farko. Sayar da bayan gidan a kan farashi guda da aka yanke, a biya kashi-kashi, ya fi karɓuwa a zango nesa ba kusa ba a kan rance mai kuɗin ruwa.

Ɓangaren matasa ya fi kowanne daɗin faɗa, kuma adadin waɗanda aka horar shi ne awo mafi rauni. Yaron da ya san haɗa siminti zai iya koyon daijesta cikin 'yan makonni. Tambayar ita ce wa zai kira shi aiki bayan an raba satifiket. In ba a ba shi kayan aiki da ƙwaryar zuba siminti ba, ba a sa sunansa a jerin waɗanda asusun ke biya ba, ba a kuma biya shi cikin mako biyu da gama aiki ba, zai koma kan pragiya, keken haya mai ƙafa uku. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2003 ma na iya tare shi, don tana neman rajistar kamfani da takardar haraji da matashi guda ba shi da su. Sai an tara su ƙungiya mai rajista. Abincin da zai daɗe kuwa yana wajen gyara: buɗe akwati, kwashe abin da ya taru, canja ɓawon kwakwa, yashe rami. Shirin da ya bar lambar mai gyara a bangon kowane bayan gida ya bar sana'a a unguwa.

Saura shekara ta huɗu, wadda babu kuɗin gasa a cikinta. Houston ta ci dala miliyan ɗaya a 2013 da dabarar zuba duk shara a mazubi guda, injina su rarrabe. Magajiyar garin ta sauka, wanda ya gaje ta bai ci gaba da shirin ba. Georgetown ta jihar Texas ta ci a 2018 da shirin wutar rana, majalisar garin ta janye a 2019. A can ma ke nan, inda jama'a ke zaɓen magajin gari. A Ghana shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, kashi biyu bisa uku na 'yan asambuli su amince, kuma ƙuri'ar raba-gardamar da aka shirya a 2019 a kan zaɓen shugabannin nan an soke ta kafin ranarta. Kujerar na canja hannu da canjin gwamnati, wani lokaci ma ba tare da shi ba, kuma sabon shiga ba ya ɗokin ƙarasa abin da aka buɗe da sunan wani.

Abin da ke tsare shiri daga wannan ba jawabi ba ne, layi ne a takardu uku: tsarin raya ƙasa na shekara huɗu da kowace asambuli ke rubutawa, kasafin shekara, da ƙudurin kuɗaɗen haraji da ake sabuntawa duk shekara. Idan albashin mai kula da asusun, man babur ɗin duba-gari da kuɗin sa ido ba su shiga waɗannan ba kafin ƙarshen shekara ta biyu, shirin zai mutu tare da tallafin. Duka ukun 'yan asambuli ne ke kaɗa musu ƙuri'a, kuma dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ba mazauna damar a ji ta bakinsu kafin a zartar. Ƙungiyar matasa ko ta mata da ke son ganin taswirar aiki, jerin gidajen da aka gina wa, da yawan bashin da ya dawo, tana iya rubuta wa jami'in bayanai na asambuli ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayani ta 2019, wadda ta ba shi kwana 14 ya ba da amsa.